Ɗakin da Na Share wa Inna

Daminar da bangon ɗakin Inna ya zube, ni ma ban ƙara zama wuri ɗaya ba. Inna ita ce mahaifiyata, kuma tun da aka kawo ta amarya gidanmu na Ƙofar Gayan ba ta taɓa canza ɗaki ba. Ginin ƙasa ne, ruwa ya daɗe yana cin gindinsa. Da hantsi ya faɗi, tana tsakar gida tana tsintar wake, ko ƙwarzane ba ta yi ba. Magina suka zo suka duba, suka ce sai an rushe sashen gaba ɗaya an sake, kuma ba mai taɓa shi sai ruwa ya ɗauke. Aka raɓa ta a falon autanmu, shi da matarsa da yara suka cunkushe a ɗaki ɗaya. Kowa ya san ba zama ne mai ɗorewa ba, dole ɗayanmu ya ɗauke ta.

Mu uku muka rayu cikin waɗanda ta haifa. Ni ce babba, sai ƙanena da ke aiki a Kaduna, sai auta. Na Kaduna ya bugo waya ya ce ƙarshen wata zai zo da mota ya tafi da ita. Gidansa a saman bene yake. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, wadda ba ta iya wuni ba ta leƙa maƙwabta ta ji wa ya haihu wa ya rasu ba! Na sani sarai in ta hau benen nan ba za ta sauko da ƙafarta ba.

Ni kuwa ga ni a Tudun Jukun, nan kusa, ga ɗakin 'yata da ta yi aure babu kowa a ciki. Na share shi, na sa aka yi fenti, na rataya labule. Kullum kafin in tafi makarantar firamaren da nake koyarwa sai na sake share shi, ɗakin da ko ƙuda bai shiga ba. Maigidana yakan tsaya bakin ƙofa ya ce, "Wai ke, sharar ce za ta je ta ɗauko ta? Ki buɗe baki ki yi magana mana." In ce masa ya ƙyale ni, in ci gaba da shara.

Maganar ce ta gagara. Da an tashi makaranta sai in hau napep in shiga birni da niyyar yau zan faɗa. In gaishe ta, in zauna, in tashi in duba randa, in dawo in zauna, in fita in kalli bangon da ya zube kamar ni ce maginin. Ita kuwa tana sana'arta ta kallon gefe. Har la'asar ta yi, in ce zan wuce, ta ce wa matar auta, "A gaida gida." In fito lungu ƙirjina yana dukan uku-uku, in yi ta faɗa da kaina har bakin titi.

Ni 'yar fari ce, kuma Inna mutuniyar da ce. A wajensu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Alkunya ce. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin kaka, a gida ɗaya, tsakaninmu tsakar gida kawai. Sunana a bakin Inna "waccan", ko "yarinyar nan", ko in ana raha "mutuniyarku". In za ta aike ni sai ta gaya wa iska: "A ɗebo ruwa." Ranar da na zo na ɗaya a aji na shigo da gudu ina ɗaga takarda, ta sunkuya tana gyara itace a murhu har na gaji da tsayuwa. Auta kuwa yana kan cinyarta har ƙafarsa ta fara jan ƙasa.

Kada wani ya taso ya yi mini bayanin al'ada. Na sani. Ni kaina na sha yi wa ɗalibai bayaninta a darasin Hausa, har da rubutu a allo. Sai dai sanin nan a kai ya tsaya, bai taɓa gangarowa ƙirji ba.

Bugun zuciyar ne ya kai ni asibiti. Aka auna jini, aka saurari ƙirji, likitan ya ce zuciya lafiyarta lau, ya tura ni wani ɗaki a ƙarshen baranda wajen wata da ya ce ba ta ba da ƙwaya, magana ce aikinta. Raina ya ɓaci. Na ce masa, "Likita, ni fa ba taɓaɓɓiya ba ce." Ya ce ai ba wanda ya ce haka. Na je ne kawai don kada kuɗin napep ɗina ya tashi a banza.

Wata mata ce 'yar Wusasa, ba ta kai ni shekaru ba, mai sanyin magana irin wanda ke ƙara ƙular da mai zafin rai. Ita ma Likita nake ce mata, ita kuma ta ce mini Malama. Na ba ta labarin bango da bene da ɗaki a tsaye, don na kasa zama. Ta bar ni ina safa da marwa tsakanin taga da ƙofa har na gama.

Sai ta ce, "Malama, lokacin da kika buɗe baki za ki yi wa Inna magana, me ya zo miki a rai?"

"Ba komai. Na fasa ne kawai."

"Kafin fasawar. Akwai wata magana da takan gifta da sauri."

Wallahi akwai. Na ce, "Cewa za ta yi a'a."

"In ta ce a'a fa, me ke nan?"

"Ke nan ta fi son zama wajen ƙanena."

"In ta fi son zama wajensa, me hakan ya faɗa game da ke?"

Na ce, "Likita, wai ke ba ki gajiya? Kamar mai haƙa rijiya!"

Ta yi murmushi ta ce rijiyar muke haƙa. Ta sake tambaya, na ba ta amsa, ta sake. Ina ji ina gani ta tura ni har inda ban taɓa zuwa ba. Na ji bakina ya ce, "Ni ba abar so ba ce. Haƙuri kawai ake yi da ni." Ina faɗa na zauna a kujerar da na ƙi tun shigowata. Mace mai jikoki, na yi kuka har da majina.

Ta yi mini bayani a hankali. Ta ce abin da ya faru daban, abin da zuciya ta gaya wa mutum a kansa daban, kuma na biyun ne ke sa ƙirji bugawa. Ta ce waɗannan ƙananan maganganu masu giftawa duk daga tushe ɗaya suke tsirowa, wata magana guda da mutum ya yarda da ita game da kansa tun yana ƙarami, bai ƙara bincikarta ba. Aikin da ta ba ni kafin mako mai zuwa shi ne in riƙa kama su in sun gifta. Kada in yi faɗa da su, in kama kawai in duba.

Tabɗi! Ashe gidana cike yake da su. Na gaida hedimasta bai amsa ba yana waya, sai na ji: ya gaji da ke. Maigidana ya rage tuwo: ya gaji da ke. 'Yata ta kwana biyu ba ta kira ba: ta samu uwar miji, ta huta da ke. Har mai kayan miya da ya sallami wata kafin ni bai tsira ba. Muryar ba ta ihu, a natse take magana kamar mai karanta labarai a rediyo. Makon nan na fi kowane mako rashin natsuwa, don da can ina jin zafin ne kawai, yanzu kuma ina jin zafin ina kuma ganin mai hura wutar. Na koma na ce wa Likita, "Kin ƙara mini ciwo." Ta ce haka farkon yake.

Sai muka shiga neman hujja. Ta ce in kawo duk abin da ke nuna Inna ba ta so na. Na zazzage mata buhu guda. Ta saurara, ba ta ƙaryata ko ɗaya ba. Sannan ta ce in kawo abin da bai dace da wannan magana ba.

Na ce, "Babu."

"Ko ɗaya? Ba ta taɓa aiko miki da komai ba?"

Na tuna auta yakan zo da kwano a ɗaure bayan mashin, dambu ko ɗanwake, ya ce Inna ta ce ya yi mata yawa. Na ce, "Wannan ai ragowa ce."

"Da sanyi yake zuwa?"

"Da zafinsa."

"Ƙanenki na Kaduna in ya zo gari ana kai masa irin wannan ragowar?"

Na ce shi ai ba ya cin dambu. Ta ce to, wa ke ci? Na harare ta. Ta nuna mini abin da nake yi: duk abin da ya goyi bayan maganar nan ina karɓarsa hannu bibbiyu, wanda ya saɓa mata kuwa sai in yi masa suna in jefar. Ragowa, dole, ganin ido, kunyar mutane. Na ji haushi ƙwarai, don na gane gaskiya ce, kuma ni ba na son a riga ni gane abu.

Wata yana ta tafiya. Na Kaduna ya sake bugowa ya sa rana, Asabar. Likita ta ce tunani ba ya canzawa da zama a ɗaki ana musu, sai an fita an gwada shi. Ta ce, "Zuciyarki ta ce za ta ƙi. Ba ki taɓa tambaya ba. Ki tambaya, mu ga abin da zai faru." Na ce to. Na fito da ƙarfina kamar mai zuwa karɓar gado.

Daga wajen Likita kai tsaye na shiga birni. Inna tana zaune kan tabarma a inuwar zaure na ciki, matar auta tana mata tsifa, ga wasu maƙwabta mata biyu sun zo jaje. Ban jira sun tafi ba, don na san in na jira zan fasa. Na durƙusa daf da ita, na kalle ta ido cikin ido, abin da ban taɓa yi ba tun da nake, na ce da muryar aji, "Inna, na gyara miki ɗaki a gidana. Ina so ki zo ki zauna da ni. Kina so ko ba kya so?"

Matar auta ta tsaya da tsinke a hannu. Inna ta janye ƙafarta, ta jawo mayafi ta rufe rabin fuska, ta juya wajen maƙwabtan nan ta ce, "Ku ji mini yarinyar nan." Sai ta tambayi ɗayarsu ya jikin maigidanta.

Ban san yadda na fito ba. Ban hau napep ba, da ƙafa na taho, ina tsallake kwatami, ruwa yana yayyafi, takalmina yana cika da taɓo. Muryar nan kuwa ranar ta samu abin da take so. Ba na gaya miki ba? A gaban mutane ma. Na isa gida na cire labulen ɗakin na dunƙule na jefa saman kwaba. Maigidana ya buɗe baki, na ce in ya yi magana zan bar masa gidan.

Washegari ba ranar ganina ba ce, amma na je na zauna a benci har Likita ta samu sarari. Ina shiga na ce, "Gwajinki ya yi kyau. An tabbatar. Sai ki ba ni sakamako."

Ta ce in faɗa mata abin da ya faru daki-daki, ban da fassara. Na faɗa. Ta ce, "Ta ce a'a?"

"Ta juya mini fuska!"

"Na ji, kuma na san ya yi zafi. Amma kalmar a'a ta fito daga bakinta?"

Ba ta fito ba.

Sai ta ce, "Malama, akwai abin da ya kamata in tambaye ki tun kafin in ce ki je, ban tambaya ba. Tun da kike, Inna ta taɓa amsa miki tambaya kai tsaye? Ko a kan gishiri ne?"

Na duba shekaruna kaf. Ko sau ɗaya. In na ce, "Inna, a ƙara gishiri?" sai ta ce wa wanda ke kusa, "Miyar nan da saura." Haka muke tun ina goye da 'yar tsana.

Likita ta ce, "To da tana so, a gaban baƙi, kin kafe ta da ido, me za ta yi?"

Na ce, "Za ta ja mayafi ta juya." Ina faɗa na ji kunya ta rufe ni. Da tana so da ba ta so, abu ɗaya za ta yi. Mun shirya gwajin da amsarsa ɗaya ce ko ta wace hanya, ni kuma na ɗauki amsar na kai wa muryar nan ta cinye. Ni da na yi shekara da shekaru ina shirya wa yara jarrabawa!

Amma ban huce ba. Na ce, "Ke nan har ta mutu ba zan sani ba? Ni ce kullum mai fassara, ita ba za ta taɓa faɗa ba?" Likita ba ta yi mini alkawarin komai ba. Ta ce mai yiwuwa Inna ta zaɓi Kaduna, kuma in ta zaɓa, wannan zaɓin gida ne, ba hukunci ba ne a kan ko ni abar so ce. Ta ce mu shirya wa wannan ma. Muka zauna muka yi ta maimaita abin da zan gaya wa kaina in motar ta tashi da ita. Ban yarda da rabinsa ba, amma na haddace.

Asabar da safe na mayar da labulen, na shiga birni. Na ce ko ba komai na taya haɗa kaya. Na tarar motar ƙanena a bakin lungu, don ba ta iya shiga, shi yana waje yana gaisawa da dattawan unguwa. A falon auta Inna tana zaune tana ninke zannuwa tana jerawa cikin akwatin ƙarfenta. Auta yana ɗaure kwanuka da igiya. Na gaishe ta, ta amsa wa akwatin. Na ɗauki zani na ninke, na warware, na sake ninkewa. Na fita na sha ruwa ba ƙishi nake ji ba. Na dawo. Ina jin ƙanena a waje yana cewa a yi sauri kafin hadari ya haɗu.

Ban kalle ta ba wannan karon. Na juya mata gefe, yadda take yi mini, na dubi auta na ce, "Auta, ka gaya wa Inna ɗakin nan yana nan. A ƙasa yake, ba hawa. In an ga dama."

Auta ya dube ni, ya dube ta. Tsakanina da ita bai fi a miƙa hannu ba. Ya share murya ya ce, "Inna, Yaya ta ce ɗakin yana nan."

Inna ta ninke zani, ta sa a akwati, ta danna da tafin hannu. Ta ɗauki wani. Ƙirjina yana bugawa har cikin kunne, muryar nan ta fara karanta labaranta, ni kuma ina maimaita abin da na haddace kamar mai jan carbi. Ba ta ce a'a ba. Ba ta ce komai ba tukuna. Na ji ƙarar buɗe bayan mota daga bakin lungu.

Sai Inna ta rufe akwatin, ta ce, "Ka tambayi yayarka, gidan nata akwai inda za a ɗaure tunkiya? Ni ba na barin tunkiyata."

Babu. Gidana siminti ne tun daga ƙofa har bayan gida, ɗan wurin da ya rage maigidana ya shuka rumman yana lallaɓa shi kamar jariri. Kuma ko a wannan lokacin muryar ba ta haƙura ba, sai da ta gwada: tunkiya take nema wa wuri, ba ke ba. Na kama ta sarai, har dariya ta kusa ƙwace mini, hawaye kuma suka riga ta.

Na ce, "Ka gaya mata akwai."

Auta ya ce, "Inna, ta ce akwai." Ya jefar da igiyar hannunsa ya ce, "Ni dai yau na zama waya. Wa zai je ya gaya wa mai mota?"

Inna ta ce, "Kai za ka je. Ka ce ya kai akwatin Tudun Jukun, tun da ya riga ya ƙona mai." Ta dafa bango ta miƙe da ƙyar, gwiwar tana ƙara. Na matsa zan kama ta, na tsaya, ban san ko an yarda ba. Ba ta dube ni ba. Ta miƙo hannu gefe, wajen da nake, ta ce wa ƙofa, "A riƙe ni mana, ƙasar nan da santsi."